Lissafin Mai Tsumma

Ni ba kowa ba ne a zauren wasa,
Tsumma ne nawa, da bokitin roba.
In an busa usur in ruga a guje
In share gumi daga kan katako,
Kada ɗan wani ya zame ya bar haƙora.
Baki ba nawa ba ne a wurin,
Amma kunne ba ya sallama kafin shigowa.

Daren Talata, an kashe rabin fitilu,
'Yan kallo sun watse, na Kawo, na Kakuri,
Sai ɓawon gyaɗa da ledojin ruwa.
Alhaji Zubairu mai riƙe da lalita
Ya baje takarda a benci, ya gyara tabarau,
Ya ce, "Koci, zauna, yau sai mun yi ƙirgawa.

"Dantala, maki huɗu yau. Ran Asabar shida.
A wasan Jos biyu, su ma na jifan kyauta.
Albashinsa zai riƙe samari uku masu jini a jika.
Ga allurar gwiwa, ga takalmi
Da sai an aika Ikko kafin a dace da ƙafarsa.
Shekara talatin da uku, tsawo kawai.
Ko giginya ce, in ta daina 'ya'ya ana sarewa."

Koci Bitrus ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
"Alhaji, da bakinka ka ce giginya,
Ai inuwarta na nesa ka sha.
Shamsu da ke zuba uku-uku daga bayan layi,
Wa ya tsaya masa kamar katanga
Har mutum biyu suka yi karo suka zube?
Ƙwallon da ta ƙi kwando ta dawo daga allo,
Hannun wa ke fara kaiwa?"

"Katanga ba ta cika kujeru.
Don Shamsu ake sayen tikiti."
"Rushe ta ka ga inda rufi zai kwana."
"To motar zuwa Bauchi fa,
Da yabo za mu zuba mata mai?"
Wannan kam ta sami koci a gaɓa.
Ya duƙa yana kwance igiyar takalmi, yana sake ɗaurawa.

Da sun tambaye ni, ba su tambaya ba,
Da na ce tsumma ma yana da lissafi.
Gumin Shamsu yayyafi ne, can gefe, ɗis-ɗis.
Na Dantala yana ƙarƙashin kwando,
Inda gwiwar hannu ke cin haƙarƙari,
Sau bakwai nake matsa kafin hutun rabi.
Ran nan har da jini. Ya ce, "Baba, yi maza
Kada alƙali ya gani ya fitar da ni."
Amma na sani, gumi ba maki ba ne,
Jaki ma yana gumi, ba mai yi masa sowa.

Ashe yana nan bakin ɗakin sauya kaya,
Da ƙanƙara a leda ɗaure a gwiwa.
Bai ce uffan ba.
Ya sunkuya don kada ƙofa ta gaisa da goshinsa,
Ya miƙo min ragowar lemonsa kamar kullum,
Ya ninke ƙafafu cikin keken Sabon Tasha
Kamar tabarmar da aka gama da ita ana naɗewa.

Wata biyu bayan nan ya koma Fatakwal.
Mun ci wasa uku, an ci mu huɗu.
Alhaji ya ce, "Ka gani? Ba mu mutu ba."
Koci ya ce, "Ka gani?" bai ƙara komai ba.
Shamsu yana nan yana jifa,
Sai dai yanzu yakan waiga kafin ya saki.
Ni kuma bokitina ya rage nauyi.
Ƙarƙashin kwando ya bushe ƙayau,
Ina tsaye da tsumma a hannu, ba abin gogewa.