Akwati Biyu a Shagon Ɗan Ige

Rana ta take tsaka a Rijiyar Ɗorowa,
kwanon rufi na ƙara don zafi.
Na shiga shagon Ɗan Ige, jita a kafaɗa,
kuɗin albasar bana a ƙulle cikin aljihu.

Amfilifaya biyu ya jera bisa benci,
duka tsofaffi, masu kwalabe a ciki,
irin waɗanda sai sun ɗau ɗumi suke magana,
kamar dattijon da bai sha kunun safe ba.

Na farko baƙi, kusurwarsa ta ɗaye,
wai daga Ƙwanni wani direba ya shigo da shi.
Kwalba huɗu, nauyin buhun gero.
Tsirkiya ɗaya na taɓa, ya yi gurnani,
kusoshi suka hau rawa cikin gwangwani,
mai shayin waje ya leƙo da ludayi a hannu.
Kai! Wannan ko kuskure ka yi
sai ya shafe shi da mai, ya miƙa wa jama'a.

Na biyu ƙarami, rigarsa ta koɗe,
kwalba biyu kacal, jajaye kamar garwashi a toka.
Ba ya ƙari, ba ya ragi.
Abin da na danna shi ya faɗi.
Yatsana ya zame, ya kai tsegumi,
ko karcen farcena bai rufa mini asiri ba.

Ɗan Ige na narka dalma, bai ɗago ba.
Ya ce, "Wanga na biki na, shina cika hili.
Wancan kau na mai zama na.
Mi kaka so in ce? Kai ka san hannunka."

Na san hannuna?
A gurmin Kawu Labbo ya koyi tafiya,
can Kwalkwalawa, bakin gulbi,
bayan an tashi daga ban ruwa.
Kawu kan ce, "Kar ka doki tsirkiya,
ba jakinka ba ce. Lallashe ta."

Amma ido babba yake so.
Na tuna Modi a Mabera ranar walima,
yadda rumfa ke karkarwa in ya saki hannu,
yara na ihu, ni ina gefe riƙe da waya.
Na sake jona baƙin, na murɗa shi sosai,
na ji ni wani ne, mai faɗin ƙirji,
wanda ban taɓa gamuwa da shi ba.

Sai aka ɗauke wuta.

Fanka ta yi juyi uku ta tsaya.
Jan kwalabe ya dinga ja da baya
a hankali, kamar mai fita daga zaure.
Ɗan Ige ya yi tsaki, ya nemi mafici.
Ni kuwa yatsuna ba su ji labari ba,
suna ta tafiya bisa busasshiyar jita,
sauti ɗan siriri, da ƙyar ya kai ƙofa.

Nan na ji kaina.
Taɓi biyu, in dakata. Taɓi ɗaya, in jira.
Ashe rabin kiɗana shiru ne,
kuma baƙin nan, duk gurbin da na bari
sai ya cika shi da gunaguni.

Ban jira wuta ta dawo ba.
Muka yi ciniki, ya rantse, na rantse,
ya ɗora mini fis biyu gyara.

A Keke Napep na rungume ƙaramin a cinya,
ina roƙon direba ya bi ramuka sannu.
Ya ce, "Ƙwai ne?" Na ce, "Kusan haka."

Yanzu wata uku yana tona mini asiri
kullum bayan isha'i, a soron gidanmu.
Ɗan yatsana na ƙarshe ya fara jin kunya, ya daidaita.

Baƙin yana nan, ba a saye shi ba.
Ran Juma'a na wuce, na gan shi ta taga,
an aza masa tsohuwar rediyo a ka.
Na rage tafiya kaɗan.
Ban shiga ba.