Surukina Ɗan Arkansas

Shekara goma sha huɗu ina ganinsa a hoto kawai,
sai bana Odile ta kawo shi, ana gab da tsinkar inabi.
Dogo ne, murmushi har kunne.
Ya girgiza hannuna kamar mai tumɓuke rogo,
ya ce sunansa Garrett,
ya tambaye ni wace majami'a nake zuwa
tun bai sauke jaka ba.

A Alsace ba a yi wa mutum wannan tambaya.
Gara ka tambayi abin da ke aljihuna.
Majami'armu ta shekara ɗari shida a tsaye,
tsofaffi bakwai ke shigarta ran Lahadi.
Ni ƙararrawa kawai nake kaɗawa,
in sauko, in zarce shagon Lucien
inda kumfar giya ke jiran gashin bakina.

Ya ce tasu tana cin mutum dubu uku,
wurin ajiye motocinta ya fi gonata faɗi,
ga kiɗa, ga fitilu, ga gahawa kyauta a ƙofa,
amma a gundumarsu kaf
ba inda za ka sayi kwalba ɗaya.
Na ce, to ina kuke kai baƙin ciki?
Ya ce, wurin Ubangiji.
Na ce, mu ma da can muke kaiwa,
sai yaƙi ya zo sau biyu
ya tarar da mu a durƙushe.

Da dare aka kawo kabeji da nama.
Na ɗaga cokali ke nan
sai ya miƙo hannu dama da hagu, ya rufe ido,
ya shiga hira da Allah
kamar maƙwabci ta kan katanga.
Kunya ta rufe ni,
sai ka ce na leƙa ɗaki na iske mutum yana wanka.
Abinci ya huce.

Na ɗiga farin ruwan inabi a cikin ruwa,
na tura wa jikana Emmett,
yadda kakana ya tura mini ina kamarsa.
Uban ya dafe bakin kofin da tafi.
Fuskarsa ta koma irin tawa ta ɗazu.
Odile ta dube ni, ta dube shi,
ta ce kowa da kiwon da ya karɓe shi,
ta ɗauki kofin ta shanye.

Kwana huɗu muna gaisuwar nesa.

Ran na biyar hadari ya taso daga duwatsu,
baƙi ƙirin, da cikin ƙanƙara.
Ban kira kowa ba.
Sai na ji taku a bayana:
shi ne, da almakashi da kwando.
Yana yanka yana addu'a da Turancinsa na hanci,
ina yanka ina zagin sama da yaren kakata.
A layi na tara
na ji sunan marigayiya Marthe a cikin roƙonsa.
Bakina ya ce amin
bai shawarce ni ba.

Ƙanƙara ta ci kashi ɗaya cikin uku,
sauran mun tsere da shi.
A ɗakin ƙasa, muna jiƙe sharkaf,
na tsiyaya masa na shekarar haihuwar Odile.
Bai sha ba.
Ya kai hanci, ya daɗe,
ya ce yana jin ƙanshin dutse bayan ruwan sama.
Shekara arba'in ina neman wannan kalma.

Ran Lahadi ya bi ni saman hasumiya,
ya ja igiya har tantabaru suka watse,
tsofaffin bakwai suka ɗaga kai.
Lucien kuwa ya zuba masa ruwan tuffa
a cikin kofin giya,
don kada gari ya samu abin faɗa.