Ciyawar da Ba Ta Shan Ruwa

Shekara goma sha tara ina jan tiyo
a filin ƙwallon unguwarmu, nan Garwa.
Kafin ladan ya gyara murya na kunna famfo,
ciyawa na sha, ni ina hamma.
Na san inda take da sanƙo, gaban ragar yamma,
inda Haman gola ya haƙa rami da dunduniya.
Na san kusurwar da gara ke ɓullowa.

Ba zan yabe ta don ta mutu ba:
mashayiya ce.
Da bazara, Binuwai ya janye ya bar yashi,
matan unguwa na layi da jarkoki tun duhu,
ni kuwa ina tuttula wa ƙasa tanki biyu.
Dada Kaltume ta taɓa tsayawa a bakin waya,
bokitinta wayam, ta ce,
"Barmo, ciyawar taka alwala take, ko wanka?"
Na sunkuyar da kai. Me zan ce?
Ga maganin ƙwarin da nake fesawa ranar Laraba,
shi ya bar mini tarin nan da nake kwana da shi.

Bara aka zo da manyan motoci.
Aka aske ta kamar kan jariri ranar suna,
aka zuba tsakuwa,
aka warware wata daga naɗi, kamar darduma,
kore shar, ba ta san rani ba.
Aka barbaɗa mata garin tsohuwar taya
kamar yaji a kan tsire.
Ranar buɗewa an yi tafi. Ni ma na yi.
Aka karɓe tiyo, aka miƙo mini buroshi.

Yanzu da azahar ko ƙadangare ba ya ratsa ta.
Zafi na tashi daga ƙasa yana rawa,
warin taya har bakin titi.
Na ɗora tafin hannu in gwada,
na janye kamar na taɓa murfin tukunya.
Yaran da ba su da takalmi, kuma su ne rabin 'yan wasana,
suna gindin darbejiya suna jiran la'asar sakaliya.

Jikana Sadu ya zame ranar Asabar,
fatar cinya ta saluɓe, faɗin tafin hannu.
A da, ɗan kore ne a gwiwa, a kakkaɓe a koma.
Uwarsa ta zazzage takalminsa a tsakar gida,
baƙaƙen ƙwayoyi suka zubo kamar kashin ɓera,
kaji suka yi caa.
Na kore su. Ban san dalili ba, na dai kore su.

Amma gaskiya ɗaya ce, ko ta yi ɗaci:
damina ta zo ta wuce, ba taɓo,
ba a ɗage wasa ko sau ɗaya ba.
Ƙwallo na tafiya sak kamar an ja mata zare.
'Yan mata sun samu tasu awar bayan magariba, ƙarƙashin fitila.
Kaltume na cika jarka kafin hantsi.
Ta daina hararata.

Ranar wani ruwa mai ƙarfi na bi lambatu:
baƙin garin nan na tafiya, sannu sannu, ya nufi kogi,
inda masunta ke jefa taru.
Wa zai tambayi karfasa abin da ta haɗiya?
An ce shekara goma za ta yi, sai a naɗe ta.
A kai ta ina?
Akuya ba ta ci, ƙasa ba ta karɓa,
wuta kuwa in ta ci, mu za mu shaƙi hayaƙin.

Jiya balbela ɗaya ta sauka a tsakiyar fili.
Ta yi taku uku, ta kai baki,
ta ɗago ta dube ni
kamar ni na yaudare ta,
ta tashi.

A gindin katanga, inda roba ta ƙare,
wani ɗan tsiron ƙiri-ƙiri ya leƙo.
Aikina ne in tumɓuke shi.
Na duba hagu, na duba dama,
na tsiyaya masa ragowar ruwan butata.