Furfurar Auduga

Babana ya yi furfura sau biyu.
Ta farko yana ɗan ashirin da uku,
kullum yamma yake dawowa da ita daga Kakuri,
a gira, a gashin baki, har cikin kunne.
Inna ta kaɗe masa da tsumma a bakin ƙofa,
ya koma saurayi kafin a kwashe tuwo.
Ta biyun ba ta kaɗuwa.

A lokacin ba mai agogo a layinmu.
Jiniyar masaƙa ke tashin mu,
ita ke ɗora kaskon mai ƙosai,
ita ke sako kekuna kamar an tona gidan tururuwa:
Bahaushe, Bajju, Tibi, Idoma,
hula iri ɗaya, tari iri ɗaya.

A ɗakin saƙa ba a jin magana.
Injin ɗari huɗu na dukan ƙasa lokaci guda,
sai suka koyi karanta leɓe.
Shekara sha tara Baba da Terhemba suna hira,
ba wanda ya san muryar wani sosai.
Da leɓe aka yi masa albishirin haihuwata.
Da leɓe aka ce, koma, zare ya tsinke a lamba tara.

Ranar da aka rufe, ba a busa jiniya ba.
Takarda ce kawai a jikin ƙofa, an liƙa da ƙullun rogo,
wai a dakata zuwa wani lokaci.
Wani lokacin yanzu ya yi jika.
Kuɗin sallama na nan tafe, an ce.
Terhemba ya gaji da jira,
aka kai shi Gboko a bayan a-kori-kura.
Atamfa kuwa ba ta yanke a kasuwa ba,
ta jirgin ruwa take zuwa,
zanenmu a jikinta, sunan wata ƙasa a gefenta.

'Yan gwangwan suka kwashe injuna a kan kilo.
Kwano ya tafi, jemagu suka tare.
Ceɗiya ta tsiro a ofishin akanta,
ta leƙo ta tagar da ake miƙo albashi.

Bara muka shiga, mu bakwai, da adda da tsintsiya.
Haya muke biya, ba gado muka ci ba.
Ochanya ta jera kekunan ɗinki inda ake kaɗi,
ɗan Barau na haɗa sola a ɗakin awo,
yara na koyon kwamfuta
ƙarƙashin allon da har yau ke cewa A KULA DA YATSU.
Ni na samu kwamin rini guda shida, na siminti.
Sau sha ɗaya na wanke su,
shuɗin bai fita duka ba.
Na zuba tarwaɗa dubu biyu.

Ran Asabar na kawo Baba.
Ya tsaya a ƙofa yana laluben aljihu,
katin shiga yake nema.
Ya taka a hankali, yana kauce wa injunan da babu,
har ya kai wani tabon baƙin mai a ƙasa.
Ya ce, nan ne. Lamba tara.
Da ƙarfi ya faɗa, yadda kurame ke yi,
tattabarun rufi suka watse.

Na kai shi wurin kifina.
Na watsa abinci, ruwa ya tafasa.
Ya sunkuya yana kallon su
suna buɗe baki suna rufewa,
ya daɗe a haka, kamar mai sauraro.
Na taɓa kafaɗarsa, na ce da leɓe: me suke cewa?
Ya yi dariya har tarin nan ya taso.
Ya ce, albashi suke tambaya.

Da za mu fita
wani ɗan ɓurɓushin auduga ya saki ƙarfen rufi,
shekara ashirin yana maƙale a can,
ya sauko a hankali, ya zauna a ɗankwalina.
Baba ya ɗaga hannu zai kaɗe,
sai ya fasa.
Ya ce, bar shi. Ki je gida da shi,
su san daga aiki kike.