Awon Indararo

Watan Mayu, rana ta tsaya cak bisa Bagalam,
kwanon rufi na ƙara shi kaɗai don zafi.
Na hau tsani, igiya a wuya, alli a bayan kunne.
Baba Nomau na ƙasa, gindin bedi,
yana ta rufe masa ido tun bara
amma kunnensa bai tsufa ba.

"Nawa?"
Na ce sha ɗaya da rabi, kusurwa zuwa kusurwa.
"Wannan tsawo ne, Illo.
Auno mini daga tozo zuwa baki,
nan ruwa ke gudu yana tara ƴan'uwansa."
Na rarrafa, tafin hannuna na toyuwa.
Mita huɗu da kamu guda.
Ya yi shiru, babban yatsa na yawo bisa gaɓoɓi,
yana ƙirga ruwan da bai sauko ba tukuna.

Hajiya Tasalla ta fito, hannunta duk man ƙuli-ƙuli.
"Ku yi mini siriri, irin na shagon Jadi.
Jaka nawa zan kashe wa baƙon wata uku?"
Baba ya juya fuska inda muryar take.
"Hajiya, ba don yayyafi ake awo ba.
Don dare ɗaya ne cikin Agusta,
in hadari ya haɗo ta wajen Tasawa
ya zubo kamar an kife tulu.
Ƙaramin indararo ranar nan amai yake yi,
kuma kin san inda zai amayar."

Duk muka dubi katangar Kuluwa,
ta laka, gindinta ya zaizaye,
taki biyu tsakaninta da bakin rufin.
Hajiya ta goge hannu a zane, ta ce a yi.

Faɗi: kamu da yatsa huɗu.
Zurfi: tafin hannu, ban da leɓe.
Bututu biyu, don ɗaya zai shaƙe
da ganyen bedi da ledar da iska ta ɗauko.
Na buga ƙusa nan, na buga ƙusa can,
na ja igiya har ta yi kukan gurmi.
"Sauke ta yatsa guda kowane mita biyu.
In ka miƙe shi sak, ruwa ya kwana,
sauro ya tare, tsatsa ta bi baya.
In ka tsuke gangaren, ya yi tsalle ya wuce rami.
Ruwa ba a ja masa kunne,
hanya ake nuna masa."

Kwana biyu almakashi na cin falle,
guduma na naɗe baki bisa guntun dogo.
Ran na uku na hau da buta
da ɓawon gujiya guda,
na zuba, na sa ɗan jirgina bisa ruwan.
Baba ya karkata kai.
"Ya tsaya a tsakiya."
Na duba. Ya tsaya, yana juyi
daidai maratayi na biyar.
Ban ce komai ba, na kwance, na sassauta,
na sake zubawa.
Sai ga ɓawo ya faɗo ta bututu, ƙwas, gaban takalminsa.
Ya lalubo shi ya sa aljihu.

Daren ya zo, sha bakwai ga Agusta.
Ina ɗakina a Ɗan Gulbi, roba biyu ƙarƙashin yoyo,
ban runtsa ba, hankalina na can Bagalam
yana bin maratayi ɗaya bayan ɗaya.
Da asuba na ratsa taɓo har ƙauri.
Duro biyu sun cika sun tumbatsa,
katangar Kuluwa na tsaye,
akuyarta na sosa jiki da ita.

Na ruga na gaya wa Baba, ina haki.
Ya kurɓi kununsa, ya lashe ludayi.
"To," ya ce. "Ta ba ka sauran jaka biyun?"