Aji a Hawa na Huɗu

Ni ce mai goge daɓen hawa na huɗu,
Fermina Ccama, shekara goma sha ɗaya da bokiti a hannu.
Ta tagar ƙarshe ana hango Misti,
dutsen da ya ɗora ƙanƙara a ka kamar gammo,
yana gadin Arekifa ba albashi.

Ƙarfe tara Malama Zoila ke shigowa,
tana tura makarantarta a kan taya huɗu,
ɗaya tayar tana kuka kamar ɓera.
Ɗan allo, fensira a gwangwanin madara,
taswirar duniya da ta yage daidai kan teku.
Kafin ta ce a buɗe littafi
sai ta wanke hannu har gwiwa,
ta rufe baki da hanci.
Yaran ba su san murmushinta ba sai ta ido.

A nan ba a kaɗa ƙararrawa,
injin gefen gado ke cewa an tashi.
Ba latti, ba fashi.
Wanda amai ya hana zama
a sa masa darasinsa ƙarƙashin matashi,
yadda ake bar wa manomi miyarsa a bakin murhu.

Gado na shida, Wilber.
Shekara tara, ƙodojinsa sun shiga yajin aiki.
Sau uku a mako jininsa kan fita yawo,
ya bi roba, ya zaga inji, ya dawo gida.
Awa huɗu hannun dama na ɗaure da allura,
sai ya koya wa hagu rubutu.
Baƙaƙensa na tafiya kamar alfakan ubansa
a tuddan Kolka:
wannan ya yi gaba, wancan ya tsaya cin ciyawa.

Ranar da aka zo darasin rabawa
Malama ta ɓare lemu, ta kasa shi takwas.
Yadira, mai hular ulu a kan da ba gashi,
ta ce, "In na ci uku, saura biyar."
Wilber ya ce, "Ni likita ya hana ni lemu,
kasona sifili ne, a rubuta."
Aka yi ta dariya har nas ta leƙo.

Ina goge ƙarƙashin gadonsa, ina satar kallo,
ya kama ni.
"Doña, karanta min wannan."
Na ce na manta tabarau a gida.
Washegari ya sake, na sake.
Rana ta uku ya rage murya:
"Ba ki da tabarau, ko?"
Na matse tsumma, na matse, ban ce uffan ba.
Aji biyu na yi a ƙauye
aka ce gonar dankali ta fi buƙatata.

Tun daga ranar, da Malama ta tura kekenta gaba,
shi ne malami.
F, sanda mai hannu biyu.
C biyu na farkon sunan ubana,
ya ce jinjirin wata ne da ƙaninsa.
In na kuskure ba ya raga mini:
"Sake. Ni ma haka ake min."

Wata Talata na tarar an naɗe katifar.
Gwiwoyina suka yi sanyi, na dafa bango.
Nas ta ce, "Kwantar da hankalinki, Lima aka kai shi,
ko za a dace da ƙoda."
An dace, ba a dace ba,
wa ke gaya wa mai shara?

Amma ya bar littafinsa wurin Yadira.
Shafin ƙarshe, rubutun hagu:
aikin gida, layi goma, sunana a sama.
Na cika bakwai,
uku na nan fari fat.
Malama Zoila ta ce in kawo ta duba, na ce a'a,
mai ajin zai dawo ya sa maki.

Yau da asuba, a takardar tashi daga aiki,
inda na saba dangwala yatsa,
na karɓi biro,
harshe tsakanin haƙora, ina jan sanda mai hannu biyu.
Mai gadi na duba agogo, layi ya taru a bayana.
Su jira.