Faifan da Ba a Ɗaga Ba

Ƙarfe biyun dare a Sfax.
Dorsaf ta cire safar hannu, ta sake sa wata.
Jinin Skander na cikin 'yar kwalba,
watansa bakwai a duniya,
gudawa ta ƙi tsayawa, tari ya raina magani.

Ta san yadda abin yake a jikin mai lafiya:
ƙwayar sintiri ta cafke baƙo, ta daddatsa shi,
ta ɗora guntunsa a faifai, ta ɗaga sama
kamar masu kifin Bab Jebli da sassafe,
tana cewa, ku zo ku shaida fuskarsa.
Dakarun jini su taru, su shinshina, su bazama farauta.

A jinin Skander an kama baƙon, an yanka,
sai dai babu faifai.
Na'ura ta ja layi a kwance
kamar teku ranar da iska ta yi yaji.

Ta buɗe littafin gado, harafi bayan harafi.
Shafin faifan lafiya lau,
ko ɗigo bai ɓace ba.
Can nesa, a wani kundi daban,
inda ake ƙera mai cewa "a karanta",
haruffa ashirin da shida sun zube.
Ga fitila cike da mai,
ashana ce babu.

A bencin waje Hedi ya farka,
rigarsa na warin gishirin Kerkennah,
hannunsa duk kanta, na jan igiyar tukwane daga ruwa.
Ya ce, "Daga ni ne, ko daga uwarsa?"
Dorsaf ta dubi takalminsa kafin ta dubi idonsa.
"Ku biyun. Kowa ya riƙo rabi bai sani ba,
tun daga wani kaka da sunansa ya ɓace."

Ya yi shiru har agogon bango ya gaji.
Sannan ya ce, "Yayarsa Ons fa?
An ce ɓargo kan yi."

"Gobe za mu gwada ko ya dace."

"Shekararta shida. Tana tsoron allura."

Dorsaf ta koma ciki,
ta rubuta Ons a jikin sabuwar kwalba,
ta ajiye ta kusa da ta ƙaninta.
Ladanin farko bai tashi ba tukuna,
firiji kaɗai ke gurnani.